Zo Nan, Ba Zan Dake Ka Ba

Talata

Maigidana,

Ajiye abin da ke hannunka, ga kacici-kacici tun kafin gaisuwa. Mene ne shi: yana zaune hawa bakwai a ƙarƙashin ƙasa, yana tari irin nawa, yana jan silifas irin nawa, yana kiran mutane da muryata, kuma zuwa jiya ya hallaka mutum dubu goma sha ɗaya da 'yan kai? Kada ka yi gaggawar amsawa. Kai ne mai digiri, ni aji huɗu na tsaya, sai ka bari in kai ƙarshen zancena da kaina.

Yanzu kuma assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman kaɗaici, ya wannan bayan naka da kake lanƙwasawa gaban kwamfuta kamar mai neman allura? Kana cin abinci kuwa, ko har yanzu shayi da biskit ne? Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwa da tari, su kuma ba sai na ba ka labarinsu ba, ka fi likitana saninsu.

Na san za ka ce me ya sami tsohuwar nan, ga waya a hannunta ta koma takarda da biro. To na daina tura maka saƙon murya. Na gano abin da murya take zama idan ta shiga hannunka.

Ranar Alhamis na sauka kantin da ke ƙasan benenmu sayen maganin tari. Ka tuna mai kantin, Mai Sanƙo, wanda yake auna mini jini. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, mai tumbi, mai natsuwa. Muzurunsa ya ture kwalin filasta ya shige ƙarƙashin kanta, ni kuma don tausayi na durƙusa iyakar yadda gwiwa ta yarda, na ce masa, zo nan, ba zan dake ka ba.

Sai na ji kwalba ta tarwatse a ƙasa. Na ɗago, ga Mai Sanƙo ya manne da bango, ido waje, gumi na tsattsafowa a sanƙon. Na ɗauka hawan jini ne ya kama mai auna na mutane. Da ya samu bakinsa sai ya roƙe ni, wai don Allah Kaka ki ɗan yi tari in ji. Na ce shekara tara ina zuba maka tari kyauta a kantin nan, yau ne za ka roƙa? Na yi masa guda ɗaya mai kyau. Ya zauna daɓas a kan kwali.

Daga nan ya jawo kwamfuta daga bayan kwalayen auduga, ashe can yake ɓoye ta kada matarsa ta gani, ya nuna mini wasan da ka yi shekara uku kana cewa kana ginawa. Har sunanka na gani a ƙasa da ƙananan baƙi. Da farko daɗi na ji, kada in yi maka ƙarya. Wani ɗan mutum ne da fitila a hannu yana sauka matakala cikin duhu, ɓeraye kamar awaki suna bin sa, ga wani abu marar fuska yana leƙowa ta tagogi. Mai Sanƙo ya ce in ka mutu shi ke nan, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, sai ka koma sama ka faro hannu wofi, kuma ɗakunan duk sun sake zama. Na ce wannan ai wanke-wanke ne, ka gama ka juya baya ka tarar da sabo.

Da na gyara tabarau sai na fara ganin 'yan'uwa. Doguwar barandar nan tamu. Ƙofar sito da sai an ɗaga ta sama take buɗewa. Tankin ruwa mai tsatsa a gindi. Gidana ne ka kwashe ka binne, ka kashe masa wuta.

Ranar bai iya kai ni ƙasa ba, a hawa na uku aka cinye shi, sai ya nemo mini bidiyon wani da ya kai na bakwai, ya sa mini abin kunne. Shiru. Sai tari. Sai silifas, shaa, shaa. Sai sanda, ƙwas. Sai ni, da bakina, a hankali kamar ina lallashin jariri: zo nan, ba zan dake ka ba. Mai bidiyon, ƙato da gemu har ƙirji, ya kurma ihu ya arce, wata doguwar tsohuwa ta fito daga bayan tanki ta cim masa. A saman allo kuma lissafin waɗanda ta gama da su ya ƙaru da ɗaya.

Nan na tuna bara, da ka zo ka yi mini kwana goma sha biyu, kai da ba ka taɓa wuce uku ba. Ka zo da wata 'yar na'ura mai hular gashi kamar ɓera, ka ce kana so ka ajiye muryata saboda 'ya'yanka su ji wadda ta rene ka. Na sa rigar da nake fita unguwa da ita, har turare na fesa, don a ɗauki murya! Na bi maƙwabta ƙofa ƙofa ina cewa jikana ya zo adana ni. Ka sa na yi ta kai da kawo a baranda sau biyar, wai kana son ƙarar takalmina. Ban tambaya ba. Ranar ƙarshe ka ce in faɗa maka kalmomin nan yadda nake faɗa maka kana ƙarami, sau shida ka sa na maimaita. Da ka shiga wanka na je kicin na yi ɗan kukana, na ce ashe yaron nan bai manta ba.

Ɓarawon tari! Da ka tambaya da na ba ka, har da atishawa zan ƙara maka gyara.

Duk da haka ban yi fushi can can ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini. Waɗanda suka gudu na gane, wanda ya guji kakarsa cikin duhu shi ya jiyo. Waɗanda suka ɗaga mata takobi kuwa maganinsu ke nan, marasa kunya. To wanda ya ji kira ya je fa? Mai Sanƙo ya ce bai sani ba, sau biyu ya taɓa kaiwa can, duk biyun gudu ya yi. Ni na san amsar, so nake dai in ji daga wurinka.

Ka gaida masu gaishe ni. Ka miƙe bayan nan.

Kakarka,
mai tarin da ya zaga duniya


Asabar

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hidima? Ina fatan lafiya ce ta hana ka amsa tambayata. Na ga hoton zuciya da fuskar dariya da ka turo, na ga kiranka sau huɗu. Ban ɗauka ba, ka san dalili. Gwiwa ta ɗan lafa, tarin yana nan, yanzu ma ji yake da kansa.

Mako biyu ke nan ina da wurin zuwa. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu kanti ba kowa, sai in zauna a bencin masu jiran allura, Mai Sanƙo yana karanto mini abin da 'yan wasan suka rubuta a ƙarƙashin wasanka, yana juya mini shi da harshenmu. Ashe haka mutane suke da lokaci! Wani ya ba ka tauraro biyar, wai tun da ya ji ni ya daina bin barandar gidansu ba tare da ya kunna wuta ba, ga shi likitan haƙori ne. Wani tauraro ɗaya tak, wai man fitila yana saurin ƙarewa, ka zalunce shi, awa sittin ɗinsa sun tafi a banza. Na ce a rubuta masa ya nemi aiki. Wata ta ce ita kashe sauti take yi in ta kai hawa na shida, gara ta mutu ba ta ji ba. Akwai mai cewa duhun nan wayo ne, ka ɓoye ƙyuyar zane a ciki. Shi kam na ce Allah ya yi masa albarka, ya san ka. Masu kukan ɓeraye sun yi yawa kuwa ba su ƙirguwa.

Wanda ya ɓata mini rai shi ne wani mai ji da sani, wai tarin nan na na'ura ne, ba ɗan'adam da zai yi tari haka ya kwana da rai. Shekara ashirin ina gyara tarin nan! Sai kuma wani da ya ce shi muryar ce ta tafi da hankalinsa, in tsohuwar ba ta da miji yana ciki. Ka ji dai, ka yi rangwame da shiru, kana da abokin takara.

Wasu rubuce-rubucen an shafe su da baƙin layi, sai ka danna suke buɗewa. Mai Sanƙo ya ce ba ya taɓa su, suna tona ƙarshen wasa. Na ce bar su, mu je mu gani da idonmu.

Kwana tara muka yi muna sauka. Shi ke danne-danne, ni ke ba da umarni. Na ce masa ƙofar nan ɗaga ta ake yi, ya ɗaga, ta buɗe, ya dube ni kamar na yi tsafi. Sau ashirin da uku muna mutuwa. Sau ɗaya ma wata mata ce ta shigo neman maganin ciwon kai, kafin ya ba ta canji abin nan marar fuska ya shanye mu. Shekaranjiya muka kai hawa na bakwai, da takobi mai kyau da ya yi kwana uku yana lallaɓawa, da garkuwa, da rabin fitila.

Na yi tari a cikin kwamfuta. Na ja silifas. Na yi kira. Na dafa Mai Sanƙo, na ce ajiye takobin. Ya ce Kaka ki rufa mini asiri. Na ce ajiye garkuwar ma, ka je wurinta hannu sake, ni na tsaya maka, ba abin da zai same ka. Don ya yarda sai na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba.

Kai ma bari in ba ka, tun da alama ya zube maka a hanya. Shekararka biyar aka kawo mini kai daga gidan babanka, wata biyu bayan rasuwar mahaifiyarka. Da na tuɓe maka riga zan yi maka wanka, na ga shatin bel a bayanka, sabo a kan tsoho. Ruwan dai na ƙara surkawa. Kwana uku da zuwanka ka zauna a kan tabarauna suka karye. Na neme ka ɗaki ɗaki, sai ga yatsun ƙafarka a bayan tanki. Na zauna a ƙasa, a simintin baranda, na ce zo nan, ba zan dake ka ba. Ba ka motsa ba. Daga ƙarfe ɗaya har ƙarfe huɗu ina zaune, ina maimaitawa, abincina ya ƙone a kan wuta ina jin ƙaurinsa ban tashi ba. Da ka fito, hannuwanka biyu a kanka ka fito. Na sauke su, na sa maka burodi a ciki. Shekara goma sha tara ka yi a hannuna bayan wannan. Ka fasa madubi, ka ƙona labule, ka sayar da agogon kakanka ka sayi kaset ɗin wasa. Sau nawa na faɗi kalmomin nan? Sau nawa hannuna ya biyo bayansu?

Mai Sanƙo ya share ido, ya ajiye takobi, ya ajiye garkuwa. Ɗan mutumin ya taka a hankali har gabanta. Ta sunkuyo. Ta shafa kansa. Na ce ka gani? Ban rufe baki ba ta ɗaga hannu ta sauke masa. Allo ya yi ja, sannan ya yi baƙi. Lissafi ya ƙaru da ɗaya.

Na juya wurin Mai Sanƙo. Na ce ya buɗe mini rubuce-rubucen nan masu baƙin layi. Ya so ya ƙi, na nace. Duk zancensu ɗaya ne. Kada ku yarda da ita. Na ajiye makamina na je, ban taɓa jin an ci amanata a wasa haka ba, tauraro biyar. Wani ya ce nan ne wasan ya zama gwani, domin muryar ba ta yi kama da ta maƙaryaciya ba ko kaɗan.

Yaya za ta yi kama? Ai ba ƙarya nake yi ba da na faɗa maka sau shida.

Ba na ce ka cire muryata ba. Ka riƙe tarin, ka riƙe silifas, ka riƙe tankin. Abu ɗaya nake nema: wanda ya je mata hannu sake, kada ta dake shi. Tun da kana iya sa ɓera ya kai girman akuya, wannan ba zai gagare ka ba.

Ina jiran amsa a rubuce. Allah ya tsare.

Kakarka


Laraba

Jikana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kana barci isasshe, aiki yana tafiya yadda kake so. Ni lafiya.

Takardarka ta iso, shafi uku, na karanta sau biyu da yatsa a kan layi. Na gode da haƙurin da ka bayar na rashin tambaya. Na ji kuma cewa ba ni ba ce, labari ne kawai, kuma ba wanda ya san ni a cikinsu. Na ji cewa ka kai maganar gaban 'yan wasanka, tara cikin goma suka ce a bar ta yadda take, nan ne zuciyar wasan. Mutum dubu huɗu ka tambaya, ba ko ɗaya a ciki da ya taɓa wanke maka wando. Ni da na wanke, ƙuri'a ɗaya ma ba a ba ni ba.

Mai Sanƙo ya nuna mini gyaran da ka fitar ranar Litinin. An ƙara man fitila. An rage ɓeraye. Ashe kana jin magana, ya danganta da mai yi.

Ni ma na ba da ra'ayina, tun da kowa yana bayarwa. Na sa ya rubuta: tauraro ɗaya, tarin na gaske ne, sandar ta gaske ce, dukan ƙarya ne, daga tsohuwar da kanta. Ka san abin da ya faru? Ya zama na ɗaya a sama. Dariya suke ta yi, wai wayon talla ne, wai ba za su sake faɗa mata ba. Har a nan ma ba a yarda da ni.

Jiya muzurun nan ya sake ture kwali ya ɓuya. Na durƙusa, na buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Na tsaya kamar wadda ta manta sunan ɗanta. Mai Sanƙo ne ya jawo shi da tsintsiya. Wannan ka ɗauka, kuma ba ya cikin abin da na'urarka ta naɗa.

Kafin in bar kantin na sa ya nemo mini bidiyon dukan, na kalla sau bakwai, yana tsayar mini da shi daki daki. Idona ba ya gani sosai, amma ya ga wannan. Da hagu take duka. Kafin ta ɗaga tana naɗe wani abu kamar bel a hannun, zagaye biyu. Kuma tana fara shafa kai tukuna. Ni da dama nake komai, ko cokali ban iya riƙewa da hagu ba. Amma na aurar da 'yata ga bahago, na zauna da shi a tebur ɗaya. Kuma ban manta abin da ka ce mini ranar tanki ba, da burodi a bakinka, da na tambaye ka me ya sa ka daɗe haka ba ka fito ba. Ka ce, haka shi ma yake cewa.

To ban ce ba ka da abin binnewa hawa bakwai ba. Kana da shi, ni na wanke shatinsa. Amma mai abin yana nan da ransa, muryarsa garau, motar haya ɗaya ce tsakanin ofishinka da shagonsa. Me ya hana ka kai masa ɓeranka mai hular gashi, ka ce ya maimaita maka sau shida? Na sani. Sai ka hau matakalarsa, ka ƙwanƙwasa ƙofarsa, ka tsaya a gabansa. Shi ya sa ka yi kwana goma sha biyu a nan, ina fesa turare. Ka zo ka ɗauka wurin wadda ka tabbata ba za ta dake ka ba.

Kuma ka canka daidai. Mabuɗi yana inda ka sani, ƙarƙashin tukunyar furanni ta biyu. Gadonka a gyare yake. In ka zo za ka ci ka ƙoshi, ba wanda zai taɓa ka. Sai dai ba zan kira ka ba, ba ni da abin kiran kuma. In za ka zo, ka zo hannu sake.

Na daina sauka kanti da rana. Mai Sanƙo yana gaishe ka, ya ce ya goge wasan, matarsa tana yi maka godiya.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su yarda da kai in ka kira su.

Kakarka

Af, na tashi naɗe takarda na tuna ban ba ka amsar kacici-kacicin ba. Ranar da na rubuta shi ina dariya, na ɗauka ni ce amsar. Ba ni ba ce. Babanka ne.